Gidan kallon da muke zuwa ganin Oshoala da 'yan Super Falcons: daɗinsa da haushinsa

Jama'a sallama. Tun da na ɗora hoton nan na daren da 'yan matanmu na Super Falcons suka doke Maroko a fainal ɗin kofin Afirka ake ta tambayata wai ina ne wannan wuri da mata ke zama su kalli ƙwallo har ƙarfe 11 na dare ba mai ce musu kanzil, wata ma cewa ta yi ƙarya ne, a falon wani Alhaji aka ɗauka. To ba falo ba ne wallahi, gidan kallo ne na kuɗi, mai rufin kwano da benci, a nan Kaduna. Sunansa ne dai ba zan faɗa ba, dan akwai wuraren da zan caccake shi kuma ba na so in taɓa wa bawan Allah abincinsa. Mai gidan kowa Koci yake ce masa, duk da ban taɓa jin ƙungiyar da ya koyar ba.

Ni fa da can ba ruwana da ƙwallo. 'Yar yayana ce ta jawo min. Yarinyar nan tun tana ƙarama in dai ka ji uwarta na ƙwala kira da magariba to tana lungu cikin yara maza tana bin leda da aka ƙulle da tsumma, an yi dukan an yi faɗan an gaji. A 2023, lokacin tana shekara 11, aka zo gasar cin kofin duniya ta mata a Ostireliya da New Zealand, ta bi ta addabe ni, Gwaggo ki kai ni in ga Oshoala, Gwaggo ki kai ni. Gidanmu ba dish, Nepa kuwa kun san hali. Ranar wasanmu da Ostireliya, Alhamis ce 27 ga Yuli, ƙarfe 11 na safe agogonmu, na yafa mayafi na kama hannunta muka fita nema.

Gidan kallo na farko mai shi ma bai tashi daga kan tabarma ba, ya ce Hajiya ƙwallon mata? da tsadar man nan? Kuma ban ga laifinsa sosai ba, wata biyu kenan da cire tallafi, lita ta haura naira 600. Na biyu a kulle. Wani mai faci ne ya ce mu gwada wurin Koci, wai shi ne mai irin wannan haukan.

Abin da ya fara burge ni ƙofa biyu ce. Ta maza a gaba, ta mata ta gefe, an raba ciki da katako mai tsayi har kafaɗa, ɓangarenmu an shimfiɗa ledar ɗaki da kujerun roba kamar 15 da fanka ɗaya ta tsaye, kuma talabijin ɗinmu daban, ba sai kin yi ta leƙe ta saman kan maza ba. Na tambaye shi ko wata hukuma ce ta sa shi, ya yi dariya ya ce a'a, uwargidansa da 'ya'yansa mata ne suka dame shi, ya ga gara ya yi musu wuri da a ce kullum ana faɗan rimot a gida. Ɓangaren maza akwai babbar talabijin biyu da majigi da ake haskawa a farin bango in dare ya yi. Kuɗin shiga lokacin naira 200, yara 100. Yanzu ya koma 400 da 200, babban wasa kuma 500.

Amma abin da ya raba wurin nan da sauran shi ne bangon hagu. Kun san gidajen kallo, Ronaldo ne, Messi ne, sai Ahmed Musa ko Kanu in mai gidan ɗan kishin ƙasa ne. Shi ma yana da su. Sai dai daga bakin ƙofar mata har ƙurya hotunan Asisat Oshoala ne a jere, wasu yankan jarida wasu bugun kwamfuta, duk an sa musu leda, an bi shekara-shekara, kuma in kika yi kuskuren tsayawa gaban hoto ɗaya to kin shiga uku, sai ya ba ki tarihin duka. Mu ranar farko da saura minti 40 a take wasa, sai da ya kai mu ƙarshen bango. Ni ina ta duba agogo, yarinyar kuwa baki buɗe. Yanzu na haddace, ko cikin barci aka tashe ni zan karanto.

Hoton farko ya koɗe har fuskar ba ta fita sosai, yarinya siririya riƙe da kyauta. 2014 kenan a Kanada, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ta ci ƙwallo 7, huɗu daga ciki a wasa ɗaya, wasan kusa da na ƙarshe da muka lallasa Koriya ta Arewa 6 da 2, ta ɗauki takalmin zinare ta kuma ɗauki kyautar gwarzuwar gasa, duk da Jamus ta doke mu 1 da nema a fainal bayan ƙarin lokaci. Koci ya ce daren nan mutum huɗu ne suka zo kallo, ɗaya ma barci ya yi, ya ƙona mansa a banza, amma tun daga ranar ya ce wannan yarinyar za ta yi nisa. Shekararta 19 lokacin, an haife ta a watan Oktoban 1994 a Ikorodu ta jihar Legas, gidan Musulmi, kuma iyayenta sam ba su so ƙwallon nan ba da farko. Da ya zo nan 'yar yayana ta ɗago ta kalle ni, irin kallon nan na kin ji ko. Na ce mata ke dai kalli gabanki.

Ta faro ne daga FC Robo a Legas, ta koma Rivers Angels ta Fatakwal. A shekarar 2014 ɗin dai ta ci kofin Afirka da manyan Falcons a Namibiya, aka ba ta gwarzuwar Afirka karo na farko, shugaban ƙasa na lokacin Jonathan ya ba ta lambar girmamawa ta ƙasa, MON. Farkon 2015 sai Liverpool. A shekarar BBC ta ƙirƙiro kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya, ita ta fara ɗauka. Ta jefa wa Swidin ƙwallo a kofin duniya, wasan nan da aka tashi 3 da 3. Sai Arsenal a 2016, inda suka ɗauki kofin FA a Wembley. Koci ɗan Arsenal ne na mutuwa, dan haka hoton nan ya fi sauran girma, har da firam, alhali shekara ɗaya tak ta yi a can kuma ba nan ta fi haskawa ba. Na gaya masa son kai ne, ya ce bangonsa ne.

Daga nan sai hoto ɗaya tilo na zamanta a Sin, Dalian Quanjian, 2017. Nan ya fi daɗewa yana bayani dan a cewarsa har faɗa ya yi da mutane a gidan nan, ana cewa ta bi kuɗi ta kashe kanta, wa zai sake jin ɗuriyarta. Sai ga shi ta ci lig a can sau biyu, kuma daga can ne Barcelona ta ɗauko ta aro a watan Janairun 2019. Wata huɗu da zuwanta suka je fainal ɗin zakarun Turai a Budapest, Lyon ta yi musu 4 da 1, to wannan ɗayan na Barcelona ita ta ci ana dab da tashi, mace ta farko daga Afirka da ta ci ƙwallo a fainal ɗin. 2021 suka dawo suka yi wa Chelsea 4 da nema a Swidin suka ɗauki kofin, nan ma ita ce 'yar Afirka ta farko. Kakar 2021 zuwa 2022 ta ci 20 a lig ɗin Sifen, ta raba kyautar mai yawan ƙwallaye da wata 'yar Brazil, Geyse, kuma fa da jinya a tsakani. Gwarzuwar Afirka kuwa sau 6: 2014, 2016, 2017, 2019, 2022, 2023. Perpetua Nkwocha da ta riga ta sau 4 ta ɗauka.

To mu dawo kan wasan Ostireliya. Mu bakwai ne a ɓangaren mata har da iyalan Koci, maza kuma ba su kai 20 ba, yawanci 'yan acaɓa da suka fake rana da wani tsoho mai carbi da ya ce jikansa ya biyo. Hoto tas, murya tas, ban ga yankewa ko sau ɗaya ba. Sai dai fa Oshoala tana benci, yarinyar ta kumbura kamar fanke. Aka ci mu ana dab da tafiya hutu, kafin mu gama salati Uchenna Kanu ta rama. Bayan an dawo aka sako Oshoala, Osinachi Ohale ta ci ta biyu da ka, har da shan ƙafa a ƙirji garin ci. Sai minti na 72. Doguwar ƙwallo aka jefo, mai tsaron bayansu da golarsu suka rikice, wannan na jiran wannan, ita kuwa kamar shaho ta zagaya gola ta buga daga wani lungu da ni na ɗauka waje za ta fita. Raga! Katakon da ya raba mu sai da ya girgiza. 'Yar yayana ta haye kan kujerar roba ƙafar kujerar ta karye, da ita da kujerar suka zube, ta tashi tana ihu ko a jikinta.

Sai kuma Oshoala ta tuɓe riga tana gudu. Hmm. Gidan ya yi wani irin tsit na daƙiƙa biyu, na ji tsohon nan daga bayan katako yana subhanallahi, subhanallahi, Koci ya rasa inda ya ajiye rimot yana ta lalube, ni kuma na kai hannu zan rufe wa yarinyar ido ta goce. Alƙaliyar wasa ta ba ta katin gargaɗi. Daga baya ita da kanta ta rubuta cewa mahaifinta bai ji daɗin wannan murnar ba, na ce to Alhamdulillahi ba mu kaɗai ba ne. Ni ma ban ji daɗi ba kuma na faɗa wa yarinyar a hanya, na ce ƙwallon ki ɗauka, wancan ki bar mata. Amma ƙarya nake in na ce ban yi tsalle ba. Da ƙwallon nan ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci a kofin duniya uku, 2015, 2019 da Koriya ta Kudu, da 2023. Aka ƙara minti goma da wani abu, suka rama ɗaya, muka tashi 3 da 2 hanjina a ƙulle. Kuɗin kujera na miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce wadda ta karye a irin wannan ƙwallon ta yi mutuwar shahada. Allah ya shirye shi.

Yanzu bari in zo kan haushi, dan kar a ce an biya ni.

Janareto. Wayyo janareton Koci. Ranar Litinin 7 ga Agusta muka buga da Ingila, zagaye na biyu, ƙarfe 8 da rabi na safe, na ƙi zuwa shago saboda wasan. Muka riƙe zakarun Turai minti 120 ba ci, Ashleigh Plumptre tamu ta buga turke, aka ba Lauren James ta Ingila jan kati da ta taka Michelle Alozie a baya tana kwance. Aka zo bugun fenariti. Georgia Stanway ta Ingila ta fara, ta zubar waje, gida ya ɗauki ihu, kuma a daidai wannan ihun janareto ya yi tari biyu ya mutu. Duhu. Zafi. Yaron Koci ya fita da gudu yana ta jan igiya, ja, ja, ja, ashe mai ne ya ƙare, ba wanda ya lissafa da ƙarin lokaci. Kafin a juyo mai daga tankin babur ɗin wani ɗan acaɓa a gorar ruwa a zuba, dikoda ta gama tashinta na yanga, har Oparanozie da Alozie sun ɓarar da nasu. Abin da muka gani Ajibade da Ucheibe sun ci, Chloe Kelly ta rufe, 4 da 2. Har yau akwai masu cewa da wutar ba ta ɗauke ba da mun ci. Na san ba hankali a maganar amma ni ma wani lokacin haka nake ji. Koci ya tsaya bakin ƙofa yana ba kowa haƙuri, ya ce duk wanda ya shigo yau yana bin sa kallo ɗaya kyauta. Ku riƙe wannan.

A gaskiya ya gyara daga baya, ya sa sola da inbata, yanzu ko an ɗauke wuta talabijin ba ta ƙiftawa, fankoki ne kawai suke tsayawa. Wanda bai gyara ba shi ne banɗaki. Ɗaya ne, a bayan ɓangaren maza, ƙofar da ƙusa ake saƙale ta, buta ɗaya mai yoyo. Mace ba za ta iya ba. Ni dai in zan je ba na shan ruwa da yawa, yarinyar kuma gida nake sa ta gama komai. Na yi masa magana ya fi sau biyar, kullum in sha Allahu Hajiya bayan sallah, ban san wace sallar ba. Wurin yin sallah kuwa ba laifi, akwai tabarmi masu tsabta a ɓangarenmu, maza kuma masallaci na nan tsallaken titi, kuma yana rage murya in an kira.

Na biyu, ranar da wasan mata ya haɗu da Firimiya to ku manta da majigi. Nan ne za ki gane duk son da yake wa Oshoala, Arsenal da Man U ne ke biyan kuɗin haya. Sai a bar mana ƙaramar talabijin ɗinmu, muryar maza ta danne komai, ga 'yan bet masu zagin uwar ɗan wasa dan ya yanka musu tikiti. Yana tsawatarwa, ya hana shan sigari a ciki, na taɓa ganin ya fitar da wani yaro da ya leƙo ta saman katako ya mayar masa da kuɗinsa a waje. Amma baki ba ya ɗaurewa, in da yara ƙanana ne gara ki zaɓi ranar da ba babban wasan maza.

Na uku, wasannin kulob na mata yawanci ba a dish suke ba, ta intanet yake jawowa daga wayarsa ya haɗa da talabijin. In netwok ya yi kyau lafiya lau, in ya ƙi kuwa sai 'yar wasa ta daskare da ƙafa a sama ana ta zagayen nan na tsakiyar allo, ku dawo ku tarar ana murna ba ku san wa ya ci ba. Sau ɗaya ma ana tsaka da wasa kira ya shigo, sunan mai kiran ya fito ɓaro-ɓaro a bango, surukarsa ce, kowa ya gani. Da Oshoala ta bar Barcelona a farkon 2024, bayan ta ci musu ƙwallo sama da 100, ta koma Bay FC a Amurka, abin ya ƙara wuya dan can Kalifoniya in suna wasan yamma mu nan tsakar dare ne ko asuba. Sai dai washegari ya nuna mana gutsuren. Haka muka ga ƙwallon da ta ci Angel City a watan Maris, wadda ita ce ta farko a tarihin ƙungiyar gaba ɗaya, sabuwa ce fil lokacin. Sau shida ya maimaita mana ita.

Sai kuma halinsa na kashe muryar mai sharhi ya ɗora nasa. Wannan ban san ko a haushi zan sa shi ko a daɗi ba. Turancin masu sharhin dama ba kowa ke bi ba, shi kuwa zai gaya miki wannan daga ina ta fito, wace ƙungiya take, me ya sa koci ya ciro ta. In wani ya ce ai ƙwallon mata ba mai kallo sai ya miƙe tsaye ya ce Camp Nou, 2022, mutum 91,553 suka shiga kallon matan Barcelona da Real Madrid, bayan sati uku 91,648 da Wolfsburg, kai gidanku mutum nawa ne? Amma wani lokacin kina so ki ji ƙarar fili kawai, shi kuma yana ba da labarin 2014.

Abinci: akwai mai shayi a jikin gidan, indomi da ƙwai nasa ba laifi sai dai yana cika mai, ki ce masa ya rage. Uwargidan Koci na kawo zoɓo da kunun aya masu sanyi a kula, da awara da yaji ranar babban wasa. Kunun ayar nan ita kaɗai ta isa a je. Zoɓon ya cika zaƙi.

Wani abu da ban zata ba, gidan nan ne ya sassauto da matar yayana. Ita fa ko sunan ƙwallo ba ta son ji. A gasar 2023 ɗin dai muka ja ta da ƙyar ranar da Maroko ta buga da Koriya ta Kudu, sai ga Nouhaila Benzina ta fito da hijabinta, dogon hannu da dogon wando, mace ta farko da ta buga babban kofin duniya a haka. Koci ya ce ai tun 2014 aka halatta a dokar ƙwallo. Matar yayana ta yi shiru tana kallo, can ta ce to wannan dai da mutunci. Ba ta ce ta yarda ba fa, har yau ba ta ce ba, amma dukan ya tsaya, kuma da makarantarsu yarinyar ta kafa ƙungiyar mata ba ta hana ba, sharaɗin dogon wando da hijabi da dawowa kafin magariba. Yarinyar ta taɓa tambayar Koci, Baba mu nan Arewa ba mu da ƙungiya ne? Ya ce akwai Nasarawa Amazons a Lafiya, sun taɓa cin lig ma, akwai Adamawa Queens. Ta ce Lafiya da nisa? Na ce ke, jarabawa ce a gabanki.

Daren hoton nan kuwa, Asabar 26 ga Yulin 2025, fainal ɗin kofin Afirka a Rabat, ƙarfe 9 na dare. Yayana da kansa ya raka mu, dan gaskiya lungun ba fitila, kar mace ta je ita kaɗai da dare. Ban taɓa ganin gidan ya cika haka a wasan mata ba, ɓangarenmu har ƙasa aka zauna, maza har waje ta taga, kuma ranar majigin namu ne. Oshoala ta ci a wasan farko da Tunisiya, amma a fainal benci aka ajiye ta, yarinyar yanzu ta girma ba ta kumbura, tsaki kawai take ja. Kafin minti 25 Maroko ta zuba mana biyu, Chebbak da Mssoudy. Wasu maza suka fara fita suna dama mun faɗa. Da aka tafi hutu Koci ya zo bakin katako ya ce wa yarinyar, 'yata kar ki damu da benci, duba kyaftin ɗin nan Rasheedat Ajibade, daga FC Robo ta fito, ƙungiyar Oshoala, ta bi ta Norway ta je Atletico Madrid. Golar nan Chiamaka Nnadozie daga Rivers Angels ta tafi Paris FC. Duk sawunta suka taka. Yarinyar ta ce to ai sawun ba zai rama mana biyu ba. Ya rasa amsa, karo na farko da na ga haka.

Sai Esther Okoronkwo ta ci fenariti a minti na 64. Minti bakwai bayan nan ta shiga ta gefe ta miƙa wa Folashade Ijamilusi, 2 da 2. Waɗanda suka fita suka dawo da gudu, yaron ƙofa ya ce sai sun sake biya, aka yi ta rigima a bakin ƙofa ana leƙen allo. Aka ba Maroko fenariti, na dafe kai, alƙaliya ta je ta duba na'ura ta soke. Minti na 88 Okoronkwo ta ɗauko bugun tazara, Jennifer Echegini ta sa ƙafa. Abin da ya biyo baya ban iya ba da labarinsa dalla-dalla, na dai san kular kunun aya ta kife, wata mata da ban taɓa gani ba ta rungume ni tana kuka, matar yayana, ita fa, tana tsaye kan kujera mayafi a ƙasa. Kofi na 10 kenan. Kyamara ta nuno Oshoala tana tsalle cikin yaran, na huɗu a wurinta bayan 2014, 2016 da 2018. Da shugaban ƙasa Tinubu ya sanar da dala 100,000 da gida ga kowace 'yar wasa, washegari yayana ya kalli 'yarsa ya ce ke wane gida ma kike bugawa, gaba ko baya?

A watan Satumban 2025 Oshoala ta koma Al-Hilal ta Saudiyya, Koci ya riga ya manna hoton da shuɗiyar riga a ƙarshen bango, saura kaɗan ya kai ƙofar banɗaki, na ce masa ka ga dalilin da zai sa ka gyara shi ko dan darajarta.

In maki zan ba shi cikin 10, zan ba shi 7. Ɗaya na cire dan banɗaki, ɗaya dan ranakun Firimiya, ɗaya dan fenaritin Ingila da ba zan yafe ba. Mai zuwa ta zo da wuri dan kujerun gaba su ne kusa da fanka, ta zo da canji dan yaron ƙofa kullum ba shi da shi, ta riƙo ɗan mafici saboda in an ɗauke wuta, kuma in za ta tsaya gaban bangon to ta tabbata ba abin da ta ɗora a wuta a gida. Kallon kyautan da ya yi alkawari ranar Ingila kuwa tun 2023 nake tuna masa, duk ranar da na tambaya sai ya ce Hajiya ai na ƙaramin wasa nake nufi, yau kuma babba ne.